Wasan Ɗiba a Hanyar Dauran: Lissafi da Tsakuwa Daga Ƙaura Zuwa Shinkafi

Wasan ɗiba wasa ne na mutum biyu da tsibin tsakuwa guda. A zuba tsakuwa 20 a ƙasa, a yi sharaɗi cewa duk wanda ɗiba ta zo kansa zai ɗauki ɗaya ko biyu, ba ya zarce haka, ba ya kuma janye hannu ya ce ya yafe. Wanda ya ɗauke ta ƙarshe shi ya ci. Iyakar dokarsa ke nan, ɗan aji biyu na firamare ma zai riƙe ta tun ba a rufe baki ba. Sa'a ba ta da gurbi a cikinsa, domin ba a jefa komai, ba a ɓoye komai, abin da wannan ke gani shi wancan ke gani, kuma dole wasan ya ƙare tunda tsibin raguwa yake yi. Saboda haka tun kafin hannu ya taɓa tsakuwa, ɗaya daga cikin biyun yana da hanyar da in ya bi ta ba za a cinye shi ba ko da wa yake karawa. Neman wannan hanya shi ne darasin lissafin da ke cikin wasan.

Arewacin Jihar Zamfara ya dace da irin wannan darasi, musamman hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta bi ta Dauran zuwa Zurmi, da 'yar'uwarta da ta miƙe arewa zuwa Shinkafi. Kayan aikin suna zube a gefen titi: tsakuwa, ƙwallon aduwa, 'ya'yan tsamiya, marfin kwalbar lemo. Lokaci ma akwai shi, don motar haya ba ta tashi sai ta cika, kuma a shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin, direba ba ya kama hanya sai rana ta ɗaga ya ji labarin abin da ke gaba daga bakin waɗanda suka fito can.

Daga Gusau tafiyar kamar awa guda ce zuwa Ƙauran Namoda, ta tsakiyar gonakin gero da dawa da wake. Garin yana bakin gulbin Gagare. Sunansa ya samo asali daga Muhammadu Namoda, jarumin Alibawa da ya yi yaƙi a ɓangaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yana kuma cikin jagororin rundunar da ta ci Alƙalawa a 1808. Sarkin Kiyawa ake ce wa sarkin garin. A nan layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya zo ya tsaya a 1929, aka yi shekara da shekaru ana loda gyaɗa da auduga zuwa kudu. Jirgin ya daɗe da daina waccan zirga-zirga. Abin da ke tara baƙi a Ƙaura yanzu shi ne kasuwa da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983.

A tashar mota ta Ƙaura, tsibin 20 ya isa a fara da shi. Wanda bai saba da wasan ba yakan soma ɗiba da ka, ɗaya nan biyu can, ba ya tsayawa ya yi tunani sai tsakuwa ta rage biyar ko shida. A nan ne hannunsa ke tsayawa a sama, ya fara motsa leɓe. Wannan tsayawar ta ƙarshen wasa ita ce ya kamata a ɗauko a mai da ita farko, wato a fara bincike daga inda wasan ke ƙarewa a riƙa komawa baya.

In tsakuwa ɗaya ko biyu suka rage, mai ɗiba ya kwashe, ya ci. In uku ne, ba shi da mafita: ya ɗauki ɗaya a kwashe biyun, ya ɗauki biyu a ɗauke ɗayar. To uku tarko ne ga duk wanda aka bar wa. Huɗu da biyar kuwa alheri ne ga mai ɗiba, don daga huɗu zai cire ɗaya, daga biyar zai cire biyu, ya bar wa abokinsa uku. Shida fa? Ya ɗauki ɗaya ya bar biyar, ya ɗauki biyu ya bar huɗu, duka biyun kuma an riga an ga cewa mai karɓarsu ke ci. Shida ma tarko ne ke nan. Da haka za a ci gaba a samu 9, 12, 15, 18. Ma'auni ɗaya ake maimaitawa a kowane mataki: adadi yana zama tarko in duk ɗibar da aka yi daga cikinsa tana barin abokin karawa a wuri mai kyau, yana zama wuri mai kyau in akwai ko da ɗiba guda da za ta jefa abokin karawa a tarko.

Dalilin da ya sa tarkon ke tafiya uku-uku ba ɓoyayye ba ne. Duk abin da abokin karawa ya ɗauka, ana iya cika shi ya zama uku: ya ɗauki ɗaya a ɗauki biyu, ya ɗauki biyu a ɗauki ɗaya. Kowane zagaye tsibin na raguwa da uku daidai, ko yana so ko ba ya so. Aikin mai farawa kawai shi ne ya raba 20 gida uku-uku, ya ga an sami shida da saura biyu, ya ɗauke sauran nan biyu ya bar 18. Daga nan cikawa ce har ƙarshe. In kuwa tsibin ya rabu ba saura, kamar 18 ko 21, mai farawa ne a tarko, kuma wanda ya san dawan garin sai ladabi ya taso masa, ya ce, "Bismilla Baba, kai ne babba, fara." Ba a cika samun wurin da girmama na gaba ke da riba nan take irin wannan ba.

Dabarar tsohuwa ce. Wani Bafaranshe mai suna Claude-Gaspard Bachet ya sa irinta a littafinsa na wasannin lissafi da ya fito a 1612, sai dai nasa da baki ake yi: mutum biyu suna tara adadi, kowa ya ƙara daga 1 zuwa 10, wanda ya fara kai wa 100 ya ci. Cikon a can 11 ne, don haka mai farawa ya ce 1, daga nan ya riƙe 12, 23, 34, har 89, inda babu abin da abokinsa zai ƙara ya hana shi 100. Wannan ya fi dacewa da cikin mota, inda babu filin zuba tsakuwa.

Garin Dauran yana arewa maso gabas da Ƙaura, a cikin ƙaramar hukumar Zurmi, kan titin da ya wuce Zurmi ya bi ta Gurbin Ɓore ya faɗa Jibiya ta Jihar Katsina. Gari ne na manoma da masu kiwo da 'yan kasuwa, ƙauyuka da yawa na kewaye da shi suna cin kasuwarsa. Yana kuma cikin garuruwan da rashin tsaro ya fi taɓawa. Matafiyi zai ratsa shingayen jami'an tsaro kafin ya iso, zai kuma ga gonakin da ke nesa da titi waɗanda masu su ba sa iya zuwa. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jihar ta rufe makarantu, ta dakatar da kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara. Yaran da suka yi wancan zama a gida sun koma aji da giɓi a karatunsu, kuma a lissafi giɓin ya fi bayyana a wurin rabawa, domin ita ce ke buƙatar tarawa da ɗebewa da ninkawa duka su zauna daram kafin a iya ta.

Wasan tunani da matafiyi zai fi cin karo da shi a nan, kamar sauran garuruwan Zamfara da Sakkwato da Katsina, shi ne dara. Bayan la'asar, a inuwar bishiya ko rumfa, za a ga gidaje 30 a haƙe a ƙasa, layi biyar na shida-shida. Wannan yana da tsakuwa 12, wancan yana da guntayen kara 12. Da farko kasawa ake yi ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku a lokacin kasawa ba. In an gama sai a shiga turawa gida-gida, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya cire ɗa ɗaya na abokinsa, jerin huɗu kuwa ba ya ci. 'Yan kallo sukan fi masu yi surutu.

Gwanin dara yana da abin da malamin lissafi ke nema a wurin ɗalibi, wato tunanin "in na yi nan zai yi can, in ya yi can ni kuma ina?" Amma dara ba ta bincikuwa daga ƙarshe zuwa farko da hannu. Hanyoyin da za a iya zaunar da 'ya'ya 12 na wannan da 12 na wancan a gidaje 30 sun haura tiriliyan ɗaya da rabi, kafin a cire waɗanda doka ta hana. Shi ya sa ake ƙwarewa a dara da yawan yi da kallon manya, mutum ya tsufa yana ci bai taɓa iya faɗin dalilin cinsa a jimla ɗaya ba. Wasan ɗiba bai kai dara daɗi ko suna ba, kuma da zarar an gano sirrinsa ya mutu a matsayin wasa. Wannan ƙanƙantar tasa ce amfaninsa a makaranta: yaro zai iya bin sa kaf, ya ga dalilin kowane mataki da idonsa.

A ajin firamare irin na Dauran, inda yara ke da yawa littafi ya yi kaɗan, abin da ake buƙata shi ne kowane yaro biyu su tsinto tsakuwa 21 a filin makaranta. A ɗaga iyakar ɗiba zuwa uku. Kuskuren da ya fi kowanne saurin kashe darasin shi ne malam ya tsaya gaban allo ya faɗi dabarar. In ya yi haka ya ƙara wa yaran abin hadda guda, cikin mako ɗaya kuma za su manta ko uku ya ce ko huɗu. Abin da ya fi shi ne ya bar su su yi ta yi, a ci wannan a ci wancan, shi yana zagayawa yana tambaya ɗaya tak: nawa suka rage lokacin da ka gane an cinye ka?

Wani malamin lissafi na Faransa, Guy Brousseau, ya gina darasin rabawa a kan irin wannan wasa a shekarun 1970, ya kira shi tseren zuwa 20. Tsarinsa mataki-mataki ne. Yara su fara yi biyu-biyu. Sannan a raba aji gida biyu, kowane gida ya turo wakili gaban allo, 'yan gidansa su ba shi shawara kafin ya fita, abin da ke tilasta musu su mai da abin da hannu ya gane zuwa magana. Daga ƙarshe kowane gida ya kawo da'awarsa, ɗaya gidan ya karɓa ko ya ƙaryata da hujja. Matakin ƙarshen nan shi ne ya fi tsada. A ajin Dauran yaro zai miƙe ya ce, da harshen yankin, "Malam, duk wanda anka bar ma huɗu ya mutu." Malam ba ya cewa daidai ne ko kuskure ne. Cewa zai yi wanda bai yarda ba ya fito ya karɓi huɗun ya ci a gani. Mai musu zai gwada ɗaya, ya gwada biyu, ya gwada uku, kowanne a kwashe sauran a gabansa. Hanyoyi uku ne kawai, an bi su duka, babu ta huɗu. Abin da masana lissafi ke kira hujja ke nan, kuma yaron da ya kafa ta bai wuce shekara goma ba.

Daga huɗu, takwas ba ta da nisa, ko da yake ba a tsalle ɗaya ake kai mata ba. Yara sukan daɗe suna ganin takwas ta yi yawa a ce an san ƙarshenta. In aka rubuta 1 zuwa 21 a allo ko a turɓaya, ana zagaye duk adadin da aji ya amince tarko ne, sai 4 da 8 da 12 su fito a jere, wani daga baya ya yi ihu da 16 da 20 tun ba a gwada su ba. A nan malam zai dawo da tambayar dalili, har a kai ga cikon huɗu. Sai a canza iyaka zuwa huɗu, zuwa biyar, a ga tarko ya koma biyar-biyar, shida-shida. Ƙa'idar da za ta fito ita ce a ƙara ɗaya a kan iyakar ɗiba, a raba tsibin da abin da aka samu, a ɗauke saura. Tsibin 50 da iyakar shida: a raba da bakwai, bakwai sau bakwai 49, saura ɗaya, ita za a ɗauka. A darasin rabawa na yau da kullum saura ita ce abin da ake rubutawa a gefe a manta. A nan kuwa ita ce amsar, kuma yaron da ya yi kuskurenta a take abokinsa zai hukunta shi, ba sai an jira jan biro ba.

Akwai juyi biyu da ke nuna ko an fahimta ko hadda aka yi. Na farko a juya sharaɗin ci, a ce wanda ya ɗauki ta ƙarshe shi ya faɗi. Yanzu burin kowa ya bar wa abokinsa tsakuwa ɗaya, don haka tarkon duk ya gusa da ɗaya: 1, 5, 9, 13, 17, 21. Tsibin 21 da ɗazu yake hannun mai farawa ya koma hannun na biyu.

Juyi na biyu ya fi wuya. A ce ana iya ɗaukar ɗaya, ko uku, ko huɗu, amma ban da biyu. Mai hadda zai ce iyaka huɗu ce, a ƙara ɗaya, tarko biyar ne. Sai a bar masa ya ba abokinsa biyar, abokin ya ɗauki uku ya bar masa biyu. Biyu kuwa ba a kwashe su lokaci guda, dole ya ɗauki ɗaya a ɗauke ɗayar. Ashe biyu tarko ne, biyar ba tarko ba ne. Babu makawa sai an koma ƙasa an sake hawa da ma'aunin farko. Daga uku da huɗu ana kwashewa. Daga biyar da shida ana iya barin biyu. Daga bakwai kuwa abin da za a iya bari shi ne shida ko huɗu ko uku, duka alheri ne ga mai karɓa, don haka bakwai tarko ne. Tara ma haka, sannan 14 da 16, sannan 21 da 23. Tsarin yana maimaita kansa duk bayan bakwai, tarko yana wurin da rabawa da bakwai ba ta bar saura ba ko ta bar biyu. Ɗaliban ƙaramar sakandare za su iya cinye darasi guda cur a kan wannan kaɗai, kuma ba asarar lokaci ba ce.

Daga Dauran zuwa Zurmi tafiya ce gajera. Zurmi tsohon gari ne na Alibawa a kusa da gulbin Bunsuru, wanda ke haɗuwa da Gagare can gaba ruwansu ya zama na gulbin Rima. Abu Hamidu na Zurmi yana cikin waɗanda suka karɓi tuta a zamanin jihadi. Titin da ya fita daga garin ta gabas ƙasar Katsina ya nufa, kuma daga Katsina ne wani malami ya fito wanda aikinsa ke ba da wani nau'in wasan ɗiba na daban. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake gina hatimi, wato murabba'in lambobi da kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Mafi ƙanƙantar hatimin, mai gida tara, sananne ne a zaurukan malamai: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta kwance, ta tsaye, ta kusurwa, ko'ina 15.

Wasan shi ne a rubuta 1 zuwa 9 a marafan kwalba tara, a baje su a fili, mutum biyu su riƙa ɗaukar ɗaya-ɗaya. Wanda ya fara mallakar marafai uku da jimlarsu ta zama 15 ya ci. Mai yi da ka zai sha wahalar tarawa da ɗebewa, yana lura da nasa yana lura da na abokinsa. Amma hanyoyin haɗa 15 da lambobi uku mabambanta daga cikin taran nan takwas ne kacal, kuma su ne layuka takwas na hatimin. Wanda ya riƙe hatimin a ransa ba lissafi yake yi ba, jera uku yake yi a gida tara. Yana ganin cewa 5 ta fi kowace daraja don layi huɗu ne suka ratsa ta, cewa 2, 4, 6 da 8 kowace tana kan layi uku, sauran kuma biyu-biyu. In mai farawa ya ɗauki 5, dole na biyu ya ɗauki ɗaya daga cikin lambobin kusurwa huɗun nan, in ba haka ba an cinye shi. In duka biyun sun iya, canjaras ake tashi. Wannan ma sakamako ne da ya cancanci ɗalibi ya gani, cewa akwai wasan da iyakar abin da gwaninta za ta tabbatar a cikinsa shi ne kada a ci mutum.

Shinkafi tana arewa da Ƙaura, ana bi ta Moriki kafin a kai, kusa da iyakar Jihar Sakkwato, Jamhuriyar Nijar ma ba ta da nisa. Kasuwarta ta ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin yankin, ana kawo shanu da raƙuma da tumaki da hatsi da albasa, fatake na zuwa daga jihohi maƙwabta da kuma tsallaken iyaka. Kasa kaya tsibi-tsibi a ƙirga ba baƙon abu ba ne a irin wannan kasuwa. Ƙwaryar goro 100 ce har yau. A zamanin wuri, keso guda 20,000 ne, kuma matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, da ya yada zango a Tasawa a 1851, ya bayyana yadda ake jan wuri biyar-biyar da yatsu ana tara shi tsibi-tsibi. Wasan ɗiba mai tsibi fiye da ɗaya a irin wannan fili ya fi zama.

Dokarsa ta ɗan bambanta. Babu iyakar ɗiba: mutum ya zaɓi tsibi ɗaya ya ɗauki yadda ya so daga cikinsa, ko ɗaya ko duka, amma ba ya taɓa tsibi biyu a ɗiba guda. Mai ɗaukar ta ƙarshe ya ci. Da tsibi biyu abin ba ya ɗaukar lokaci. A daidaita su, sannan duk abin da abokin karawa ya ɗauka a wannan a ɗauki kamarsa a wancan. Tsibi biyu masu kai ɗaya tarko ne, ko bakwai da bakwai ne ko ɗari da ɗari.

Tsibi uku ne ke ba da wuya. Ƙaramin tarko a nan shi ne 1, 2, 3, kuma ana iya tabbatar da shi da hannu, don ɗiba shida ce kawai ke yiwuwa daga cikinsa. Wanda ya kwashe tsibi guda ya bar biyu marasa daidaito, a daidaita masa su. Wanda ya rage wani tsibi har ya yi kai ɗaya da wani, a kwashe na ukun a bar masa tagwaye. Amma hawa daga nan zuwa manyan tsibi da gwaji kaɗai aiki ne mai tsawo. Wanda ya warware shi gaba ɗaya shi ne Charles Bouton na Jami'ar Harvard a Amurka, a wata maƙala ta 1901, shi ne kuma ya yaɗa sunan Nim da aka san wasan da shi a duniya.

Hanyarsa ita ce a fasa kowane tsibi zuwa ƙullin 1, 2, 4, 8, 16, kowane ƙulli ninkin na bayansa, ba a maimaita ƙulli iri ɗaya a tsibi guda, kamar yadda mai shago ke ba da canji da manyan takardu tukuna kafin ƙanana. Bakwai ita ce 4 da 2 da 1. Goma ita ce 8 da 2. Sai a duba tsibin duka a ga ko kowane irin ƙulli yana da abokin tafiya. In duk sun tafi biyu-biyu, tarko ne. In akwai wanda ya tsaya shi kaɗai, mai ɗiba yana da hanyar gyarawa.

Misali tsibin 3, 4, 5. Uku ita ce 2 da 1, huɗu ƙulli ɗaya ce, biyar ita ce 4 da 1. Ƙullin huɗu guda biyu ne, ƙullin ɗaya guda biyu ne, ƙullin biyu ne ba shi da aboki. Mai farawa ya ɗauke biyu daga tsibin uku, ya bar 1, 4, 5. A ce abokinsa ya ɗebi uku daga biyar, ya zama 1, 4, 2. Yanzu babu ƙullin da ke da aboki. Gyaran yana cikin tsibin da ke ɗauke da babban ƙullin da ya tsaya shi kaɗai, wato huɗu: a cire ɗaya ta koma uku, wato 2 da 1, kowa ya sami abokinsa, an koma 1, 3, 2, tarkon da aka riga aka sani. Dalilin da ya sa hanyar ba ta kuskure kashi biyu ne. Wanda aka bar wa daidaitaccen wuri dole ya ɓata shi, tunda tsibi ɗaya kawai zai taɓa, kuma ba yadda za a rage tsibi ƙullinsa su zauna yadda suke. Wanda aka bar wa ɓatacce kuma kullum yana da ɗibar da za ta daidaita shi. Fili fayau, inda babu ko tsakuwa, daidaitacce ne, don haka mai daidaitawa ne zai kai can.

Fasa adadi zuwa 1, 2, 4, 8 shi ne ƙirga a tushe biyu, wanda ke cikin manhajar ƙaramar sakandare a Nijeriya, galibi kuma ana koyar da shi a matsayin jerin sifiri da ɗaya da ɗalibi bai ga abin da za a yi da su ba. Da wannan ƙirga kwamfuta ke aiki, shi ya sa Nim ya kasance cikin wasannin farko da aka koya wa na'ura. Kamfanin Westinghouse ya nuna wata mai suna Nimatron a bajekolin duniya na New York a 1940, kamfanin Ferranti kuma ya ƙera Nimrod ya kai ta bikin baje koli na Landan a 1951.

In aka juya sharaɗi a nan ma, aka ce mai ɗaukar ta ƙarshe ya faɗi, dabarar ba ta canzawa sai dab da ƙarshe. Ana ci gaba da daidaitawa har zuwa lokacin da tsibi ɗaya ne kaɗai ya rage mai fiye da tsakuwa ɗaya. Wanda ya tarar da 1, 1, 4, a wasan farko huɗun zai kwashe ya bar 1, 1. A juyayyen wasa uku zai ɗauka ya bar 1, 1, 1, ta ƙarshen ta faɗa hannun abokinsa.

Bayan Bouton, Roland Sprague a Jamus a 1935 da Patrick Grundy a Ingila a 1939, kowanne a nasa ɓangaren, sun nuna cewa abin ya wuce Nim. Duk wasan mutum biyu da dole ya ƙare, wanda babu sa'a ko ɓoyo a cikinsa, wanda abin da wannan zai iya yi shi wancan ma zai iya, kuma mai motsin ƙarshe ke ci, kowane matsayi a cikinsa daidai yake da wani tsibin Nim guda. Da wannan ake iya haɗa tsibin da ake ɗiba ɗaya ko biyu da wanda ake ɗiba ɗaya, uku ko huɗu a wasa ɗaya, a lissafa mai ci tun kafin a fara. Dara ba ta shiga wannan hukunci ba, domin a cikinta mai tsakuwa ba ya tura kara, mai kara kuma ba ya tura tsakuwa.